Jakar Mai Hoto, Tsakanin Ƙurar Hunturu Da Laimar Daminar Abaji

Duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko gaisuwar salla a fadar Ona na Abaji, ba zai rasa lura da samarin nan masu ɗaukar hoto ba, waɗanda ke kutsawa tsakanin manyan riguna suna neman inda haske ya fi kyau. Amma da wuya hankalinsa ya kai ga abin da ke rataye a kafaɗunsu, alhali kuwa a cikinsa jarin saurayin yake baki ɗaya, wani lokaci ma har da na ubangidansa. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari, wanda wasu za su raina, shi ne takaicin ganin mutum ya daɗe yana tara kuɗi har Allah ya hore masa kyamara, sa'an nan ya jefa ta cikin jakar makaranta tare da caja da makullai, ya hau babur ya nufi Yaba ko Pandagi, yana zaton tun da jikinta da tauri babu abin da zai same ta.

Haƙiƙanin gaskiya kuwa, taurin nan iyakarsa waje. Idon kyamara, wato bututun da ake ɗaurawa a gabanta, gilasai ne da yawa a jere, kowanne an girke shi a mazauninsa bisa awon da bai kai kaurin gashi ba, an kuma shafe fuskarsa da wani shafi mai siriri ƙwarai domin haske ya ratsa ba tare da ya tarwatse ba. Idan bugu ya gusar da ɗaya daga cikinsu, ko da ba a ga tsaga ba, sai hoto ya riƙa fita gefe guda garau gefe guda dishi-dishi, maigidan kuma ya yi ta zargin hannunsa ko zargin rana.

Magabatanmu sun riga mu fahimtar wannan babi. Malamin da ya mallaki littafi rubutun hannu, wanda takardunsa warwatse suke ba ɗinki, yakan haɗa su cikin tadarishi ya ɗaure, sa'an nan ya sa baduku ya ɗinka masa gafaka daidai girman littafin, mai marfi da ke rufe baki da maratayi mai ƙarfi, har littafin ya yi tafiyar fatauci ko ta hajji ya dawo ba ganye ɗaya da ya karye. Hikimar gafaka ita ce an auna ta da abin da za ta ɗauka, bai matsu ba, bai kuma sami filin karkaɗawa ba. Wannan shi ne sharaɗi na farko ga jakar kyamara, kuma duk jakar da ta rasa shi, kome kyan sunan da aka buga a gabanta, ba ta cika ba.

Sai dai jaka ba a zaɓenta sai an dubi ƙasar da za ta yi aiki a cikinta. Abaji, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya da aka kafa a 1976, tana can kudu a kan babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, bayan Gwagwalada da Kwali, kafin a kai Koton Ƙarfe. Tana cikin ƙasa mai kwari da zafi, ga kogin Gurara yana ratsa yankinta, saboda haka ta haɗa jarrabawa biyu waɗanda mai hoton Sakkwato ko na Legas yakan fi fama da ɗaya kawai daga cikinsu. Daga wajejen Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauko da hazo, ƙura mai laushi irin wadda ba ta neman izini, tana bin haƙoran zif, tana shiga zoben da ake murzawa a ido har ya soma ƙara, kuma duk sa'ad da aka cire ido domin a sauya wani, sai ta sauka a kan farantin da ke karɓar haske, daga nan kowane hoto ya fito da ɗigo a sararin samaniyarsa. Maganin wannan a wajen jaka shi ne marfi mai saukowa ya lulluɓe zif, da ɗinki marar ɓaraka, da ciki mai haske, toka-toka ko ruwan ɗorawa, wanda mutum zai ga ƙurar da ta taru ya kakkaɓe, ya kuma ga ƙaramin murfi idan ya faɗa ƙasa.

Ƙura dai ana ganinta, ana kuma hure ta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne laimar damina, wadda ke farawa wajejen Afrilu ba ta janyewa sai Oktoba, domin ɓarnarta a ɓoye take, ba ta bayyana sai ta gama. Kamfanin Zeiss na ƙasar Jamus, wanda ya shahara da ƙera gilasai tun ƙarni na sha tara, ya yi bayani cewa fumfuna na tsirowa a cikin ido idan laimar iska ta kai kashi 70 cikin ɗari ta kuma ɗore sama da kwana uku, a wuri mai duhu wanda iska ba ta kewayawa, da ɗumi tsakanin digiri 10 zuwa 35. Mai karatu ya dubi waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, zai ga babu inda suka taru kamar cikin rufaffiyar jaka da aka tura ƙarƙashin gado a ɗakin Abaji cikin watan Agusta. Fumfunar takan fara daga gefen gilashi da wasu zaruruwa farare, ta yi ta yaɗo zuwa tsakiya, tana fitar da wani ruwa mai cin shafin gilashin. Idan an farga da wuri mai gyara zai kwance ido ya wanke, idan kuwa an makara, tabon ya zauna ke nan har abada, kuma idon da aka saya da tsada ya koma ba ya da kasuwa.

Daga nan ne na kai ga ra'ayin da na fi so mai karatu ya riƙe, wato jaka abin tafiya ce, ba ma'aji ba. In an dawo daga aiki, wajibi ne a fito da kaya, a goge su da ƙyalle mai laushi, a buɗe jakar ta sha iska, musamman in yayyafi ya taɓa ta ko gumin baya ya ratsa ta. Kayan kuma a ajiye su cikin akwatin roba mai murfi mai kamawa sosai, tare da ƙunshin ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake tararwa a kwalin sabon takalmi, masu tsotse laima. Akwai irin da ke sauya launi idan ya ƙoshi, shuɗi ya koma ja-ja, ko ruwan lemo ya koma kore, kuma ana iya gasa shi a hankali ya bushe a sake amfani da shi. Wanda ya zuba 'yan ƙunshi biyu a jaka ya manta da su wata shida, bai tsare kome ba, domin tuni suka sha iyakar shansu. A nan kuma dole in faɗi abin da ba ya yi mini daɗi, duk da ƙaunar da nake yi wa aikin dukawan Kano da jan fatar Sakkwato: fata tana riƙe laima, fumfuna kuma tana sonta, don haka jakar fata zalla, kome ƙawarta, ba ita ce ta dace da daminar wannan yanki ba. Tamfol mai kauri ko yadin nailan da ruwa ba ya ratsawa sun fi ta amfani, a bar fata ga maratayi da kusurwoyi.

Game da siffar jaka, mashahuran masu yin ta kowanne daga wata bukata ya taso. Jim Domke, mai ɗaukar hoto na jaridar Philadelphia Inquirer a Amurka, ya fito da tasa a 1976, ta tamfol mai laushi wadda ake ratayawa a kafaɗa, domin ɗan jarida ya zura hannu ya zaro kyamara ba tare da ya tsaya ba. Billingham na Ingila, wanda aka kafa a 1973, jakunkunan masu kamun kifi ya fara ɗinkawa, sai da ya ga masu hoto suna sayensu saboda ba sa shan ruwa sa'an nan ya karkata gare su. Lowepro kuwa asalinsa daga Greg Lowe ne, mai hawan duwatsu a Kolorado, shi ya sa ƙarfinsa yake ga jakar goyo mai raba nauyi tsakanin kafaɗu da ƙugu. Ga mai aikin biki a cikin gari, wanda zai tsaya a zaure ko a rumfa, jakar rataya ta wadatar, matuƙar kayan ba su wuce kyamara ɗaya da ido biyu da fitila ba. Amma wanda sana'arsa ke kai shi ƙauyuka a kan acaɓa, ta hanyoyin da damina ta zaizaye, jakar goyo ce tasa, domin jakar rataya tana lilo tana bugun ƙarfen babur, ga shi kuma babban ido mai jawo nesa shi kaɗai yakan kai kilo ɗaya da rabi, nauyin da in ya yini a kafaɗa guda sai wuya ya faɗa wa mutum da dare. Kada kuma a ɗaure jaka a mazaunin kaya na bayan babur, inda kowane rami ke isa gare ta kai tsaye. Jikin mutum ya fi kowane soso shanye girgiza. In da hali a sami wadda ke buɗewa ta ɓangaren da ke manne da baya, domin a cunkoson tasha ko kasuwa babu hannun da zai kai ga zif ɗinta. Akwatin roba mai tauri irin na Pelican, wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, na masu bidiyo ne da ke loda kaya a bayan mota ko su ƙetare kogi da kwalekwale.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuyar ganewa: a matsa gindin jakar da yatsa, domin a nan bugu yake zuwa in an dire ta, in yatsa ya ji ƙasa to soson bai isa ba; a tabbata shingayen ciki ana iya ciccire su a sake jera su; a ja maratayi da ƙarfi a ga ɗinkinsa; a tambayi rigar ruwanta. Baƙar jaka a zafin Maris, ko wadda aka bari cikin rufaffiyar mota, takan wuce digiri 40 da yawancin masu ƙera kyamara suka sa iyaka, batir kuma shi ne farkon mai jin jiki. Haka nan wanda ya fito daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa cikin laima, ya bar kyamara a jaka na ɗan lokaci, kada raɓa ta kwanta a kan gilashi.

Akwai kuma fuskar shari'a, wadda ta shafi yawancin masu koyon sana'ar, tun da da kayan aro ko na haya suke farawa. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sun hukunta cewa wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, lamuninsa yana wuyansa idan ya salwanta, sun bambanta shi da dabba wadda halakarta ba ta ɓuya. Kyamara kuwa babu shakka tana cikin kashi na farko. Mai haya shi amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, amma ina ganin da wuya wanda ya saka kayan mutane cikin jaka marar soso ya hau babur da su ya kuɓuta daga sunan sakaci. Tsare dukiya yana cikin manufofi biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, tozarta ta kuma abin hani ne, ko da dukiyar ta mutum ce shi kaɗai.

Wanda ya tashi saye, ko a Gwagwalada ko a kasuwar Wuse ko a shagunan Banex, ya tafi da kyamararsa da idanunta ya gwada a gaban mai kaya, ya goya jakar cike ya ɗan taka, kada ya saya da ƙiyasi, kada kuma ya sayi babba ƙwarai don tunanin kayan da bai mallaka ba tukuna, domin filin da ya rage shi ke ba kaya damar gwabza juna. Ta gwanjo ba aibi ba ce, sau da yawa ma ta fi sabuwar jabu ƙarko, illa dai a sunsuna cikinta, in an ji warin rima a bar ta, don mai yiwuwa ta zo da fumfunar wani. Wanda kuwa kuɗinsa bai kai ba, ya sayi soso mai tauri ya kai wa tela tare da kayan, a auna a ɗinka masa ɗakuna, a zura cikin jakar goyo mai ƙarfi. Irin wannan ma tana da fa'idar da mai tsada ba ta da ita, wato ba ta shelanta wa ɓarawo abin da ke ciki.

Idan aiki ya kai mutum ga hawa jirgi a filin Nnamdi Azikiwe, jakar ta shiga da shi ciki, domin ƙa'idar jiragen sama ta hana saka batiran litiyam na ajiya cikin kayan da ake lodawa a ƙasa, kamfanoni da yawa kuma kilo 7 suke yarda a riƙe a hannu, saboda haka a auna tun daga gida. Katin da ke ɗauke da hotunan bikin da aka gama kuwa, a zare shi a sa a 'yar ma'ajiyarsa cikin aljihun riga, kada ya kwana a jaka tare da kyamara, domin in jakar ta ɓace ana iya sayen wata kyamarar, amma iyalan amarya da ango suna jiran hotunan ranar da ba za a sake taruwa dominta ba.