Kiyasi da Natija: Jan Kunne ga Masu Shirin Jarrabawa da Iyayensu

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar neman aiki, ko ta tantance masu shiga jami'a, ko ma ta shiga makarantar sakandare, lalle ya gamu da wani jinsin tambayoyi waɗanda ba su neman tarihin da mutum ya haddace ko lissafin da ya iya, sai dai a ajiye masa magana biyu ko uku, waɗanda ake kira mukaddimomi, a ce ya ƙaddara gaskiya ne, sa'an nan a tambaye shi wace natija ce ta lizimta daga gare su. A nan ne yara da yawa, har da masu hazaƙa, suke yin tuntuɓe, domin sukan amsa da abin da suka saba gani a duniya, alhali kuwa abin da aka rubuta a takarda kaɗai aka tambaye su.

Kada wani ya zaci wannan fanni baƙo ne da ya zo tare da boko. Shi ne ilmin Manɗiƙi, wanda Aristo na Yunan ya fara tsara ƙa'idojinsa, malaman Musulunci suka fassara shi suka gyara shi, har ya iso zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato. Shehu Abdurrahmanul Ahlari, malamin nan na ƙasar Aljeriya da ya rayu a ƙarni na 16, wanda kusan kowane ɗan makarantar zaure ya karanta ɗan littafinsa na tsarki da salla, shi ne kuma ya wallafa Sullamu, waƙen da ake fara koyon Manɗiƙi da shi. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan fannin, don Ibnus Salahi da Nawawi sun hana shi, amma Imamu Gazali ya ɗaukaka shi har ya sa shi a gabatarwar littafinsa na Usulul Fiƙihu, kuma a ganina abin takaici ne jikan waɗanda suka karanta Sullamu a kan buzu ya tsaya yana raba ido a gaban tambayar da kakansa zai warware kafin tawada ta bushe a allo.

Bari mu ɗauki misali daga magudin jarrabawa, tun da masu tsara tambayoyi suna son wannan babi, mu kuma ari Zaidu da Amru na malaman Nahawu. An ce: duk ɗalibin da aka kama da takardar satar amsa an soke sakamakonsa. An kuma ce: an soke sakamakon Zaidu. Shin ya tabbata an kama Zaidu da takarda? Galibin yara za su yi wuf su ce i, kuma sun faɗi, saboda mukaddimar farko cewa ta yi kamawa tana jawo sokewa, ba ta ce sokewa ba ta da wani sababi sai kamawa ba; mai yiwuwa Zaidu sojan gona ya sa aka zauna masa, ko cibiyar tasu ce baki ɗaya aka soke. Malaman Manɗiƙi sukan ce samuwar malzumi (a nan, kamawa) tana wajabta samuwar lazimi (a nan, sokewa), amma samuwar lazimi ba ta wajabta samuwar malzumi. To, idan aka ce ba a soke sakamakon Amru ba fa? A nan natija ta inganta cewa ba a kama Amru da takarda ba, gama da an kama shi da an soke. Sai dai a lura da wani tarko da ke ɓoye a bayan wannan: abin da ya tabbata shi ne ba a kama shi ba, amma cewa bai yi sata ba, wannan magana ce dabam wadda mukaddimomin ba su taɓa ta ba ko kaɗan, kuma mai tsara tambaya yakan sa ta cikin zaɓin amsoshi da gangan don ya ga wanda zai haɗiye ta.

Tarko na biyu yana cikin kalmomin nan ƙanana, "duk" da "wasu" da "babu". Idan aka ce wasu ɗaliban ajin sun yi magudi, kuma duk wanda ya yi magudi an riƙe sakamakonsa, natijar da ta lizimta ita ce an riƙe sakamakon wasu ɗaliban ajin, shi ke nan. Ba a yarda ka ce an riƙe na dukkansu ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki kuwa, ba a yarda ka ce wasunsu ba su yi ba, domin a hukuncin wannan fanni wanda ya ce "wasu" ya ba da shaida ne a kan waɗanda ya sani, ya yi shiru a kan sauran.

Akwai kuma tambayar masu gaskiya da maƙaryata, wadda ita ce ta fi cin lokaci in ba a san bakin zarenta ba. Mai gadin jarrabawa ya tsinci wata 'yar takarda a ƙarƙashin benci, an ninke ta kamar laya, an cika ta da ƙananan rubutu ciki da baya, ga shi kuwa mutum uku ne a bencin, kuma ɗayansu ne mai ita. Zaidu ya ce ta Amru ce. Amru ya ce Zaidu ƙarya yake yi. Halidu ya ce shi dai ba tasa ba ce. An gaya mana mutum ɗaya tak ne ya faɗi gaskiya a cikinsu. Mai gaggawa zai tsaya yana auna Zaidu da Amru, tun da su ne suke jayayya, amma mai natsuwa zai fara neman maganganu biyu da suke warware juna, waɗanda ba su haɗuwa a kan gaskiya, ba su kuma haɗuwa a kan ƙarya; da ya ga na Zaidu da Amru haka suke, ya san mai gaskiyar nan guda ɗaya yana tsakaninsu, saboda haka Halidu ƙarya ya yi, takardar tasa ce, Amru kuma shi ne ya faɗi gaskiya.

Amfanin wannan horo bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba, kuma a nan ne nake son iyaye su ba ni aron kunnuwansu. Magudin jarrabawa tsohon ciwo ne a Nijeriya. A 1977 takardun hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952, suka fita kasuwa kafin ranar jarrabawa har sai da gwamnati ta naɗa kwamitin bincike. A 1984 mulkin soja ya yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai laifin. Dokar 1999 ta sassauta, amma duk da haka ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko duka biyun, ga yaron da bai kai shekara 18 ba, malami ko mai gadin jarrabawa kuwa ɗaurin shekara 4 ba tare da zaɓin tara ba. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Da aka toshe wata ƙofa sai 'yan damfara suka buɗe wata, suna aika saƙo ta WhatsApp cewa suna da tambayoyin gobe, ko suna iya ƙara wa yaro maki bayan sakamako ya fito.

Sai mu ɗora maganarsu a kan ma'aunin da muka koya. Mai sayar da amsa yakan ce duk waɗanda suka saya a wurinsa bara sun ci. Da fari wannan mukaddima ce da ba ta da shaida sai bakinsa, kuma wanda ya saya ya faɗi ba ya fitowa ya yi shela, don kunya da tsoron hukuma. Ko da mun sallama masa ita, ba ta nuna sayen ne ya sa suka ci ba. Sa'an nan al'amarin ba ya wuce ɗayan biyu: ko takardar ta jabu ce, ka yi asarar kuɗinka yaronka kuma ya kwana yana haddace abin da ba zai fito ba, ko kuwa ta gaske ce, ka jefa shi cikin laifin da doka ta ambata da ha'incin da Shari'a ta haramta, ka kuma koya masa da hannunka cewa takardar shaida abar saye ce.

Haka nan wajibi ne malamai da masu gadi su yi wa kansu wannan hisabi kafin su tuhumci yaro, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ɗalibai biyu su dace a kan amsa daidai ba hujja ba ce, tun da littafi ɗaya suka karanta, malami ɗaya ya koya musu. Abin da ke da nauyi shi ne su dace a kan kuskure iri ɗaya, baƙon kuskure, a wurare da yawa, suna kuma zaune kusa da juna. Ko a nan ɗin ma abin da aka samu alama ce mai ƙarfi da ke wajabta bincike, ba ta bayyana wanda ya kwafa daga wani ba, balle ta nuna ko wanda aka kwafa daga gare shi ya sani.

Wanda ke shirin jarrabawa, to, ya nemi tambayoyin shekarun baya ya riƙa yin kaɗan kowace rana, da alƙalami a hannu. Ya ja layi a ƙarƙashin "duk" da "wasu" da "babu" da "idan" da "sai". In tambayar ta jinsi da jinsi ce, ya zana da'irori, ya sa ƙaramar a cikin babbar ko ya sarƙa su gwargwadon abin da aka faɗa. Kafin ya karɓi kowace natija ya gwada ƙirƙiro hali guda wanda mukaddimomin za su zama gaskiya a cikinsa natijar kuma ta zama ƙarya. In ya samu ko da ɗaya ne, ya jefar da ita ya duba ta gaba. In kuwa lokaci ya ƙure masa a kan tambayar masu gaskiya da maƙaryata, ya sa mata alama ya wuce, ya komo gare ta bayan ya gama masu sauƙi.