Kalmar "Aggregate" ta Ingilishi da Jimla ta Hausa

Cikin kalmomin Ingilishi da ke ba ɗalibai da masu fassara wahala akwai wadda a ke rubutawa "aggregate". Galibi in an tambayi ɗalibi ma'anarta sai ya ce jimla, ya wuce. Bai yi kuskure ba, amma fa bai gama ba. Ingilishi yana da "total", yana da "sum", duka kuwa jimla a ke ce musu da Hausa, alhali Bature ba ko'ina ya ke sa wannan a madadin waccan ba.

Asalin kalmar daga Latin ne. An haɗa "ad", watau zuwa, da "grex", watau garke, aka sami fi'ili mai ma'anar kora dabba a shigar da ita cikin 'yan'uwanta. Kamannin lafazi tsakanin "grex" da garke dace ne kurum, babu wata dangantaka, amma malami yana iya cin moriyarsa a aji. Makiyayi a fadamun Bakura ya kan kora shanu ɗari, a ce garkensa ɗari ne, alhali kowace saniya tana nan da kamanninta, wataƙila ma kowace da mai ita dabam. To, wannan ita ce ma'anar da ta zauna cikin kalmar har yau: adadin da aka samu ta hanyar tara sassa waɗanda kowanne ke tsaye da ƙafarsa, aka ƙirga su tare don wata bukata, ba don sun zama abu guda ba. Ita kuwa jimla daga Larabci ta zo, ba ta kuma rarrabe wannan. Kuɗin da ke aljihun mutum guda jimla ne, kuɗin garuruwa uku da aka haɗa a takarda shi ma jimla ne. Sabo da haka dole mai fassara ya ƙara wani abu, ya ce "in an haɗa su gaba ɗaya", ko "a jimlace", don mai sauraro ya san akwai filla-filla a ƙarƙashi wadda ba a faɗa masa ba.

Babu misalin da ya fi madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama ginawa a kan gulbin Sakkwato cikin 1978, filayen da ke shan ruwanta kuwa sun ratsa ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Takardun aikin sun ce za a yi ban ruwa ga hekta 23,000. Wannan adadi shi ne "aggregate" sosai, gama iri biyu ne aka gwama. Wajen hekta 8,000 ruwa ke gangaro musu da kansa ta magudanai, sauran wajen 15,000 kuwa sai an tura musu shi da injin ta cikin bututu, ya riƙa yayyafi. Da injinan suka lalace, sai kashin nan babba ya tsaya, ƙaramin ne ya ci gaba da aiki. Wanda ya karanta 23,000 kaɗai ba zai san manomin da gonarsa ke gefen bututu da wanda tasa ke bakin magudana ba su ga shekaru iri ɗaya ba. Haka kuma jimlar amfanin da aka noma cikin filayen aikin ba ta nuna hasarar mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar damina da ke jiƙa musu fadamun shinkafa ta ragu, kifi kuma ya yi ƙaranci. Batun diyya ma haka ne. Faɗin jimlar abin da hukuma ta biya bai gaya wa kowa abin da ya shiga hannun manomi guda ba, a kan diyyar nan kuwa aka yi rikicin Afrilu 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka yi hasarar rayuka.

Akwai wata ma'ana da ta kan ruɗa mai fassara takardun gini. Injiniya in ya rubuta "aggregate" yana nufin yashi da tsakuwa da a ke kwaɓawa da siminti a yi kankare. Nan babu lissafi ko kaɗan, wanda ya ce jimla ya ɓata. Amma asalin bai ɓace ba, don kowace ƙwayar tsakuwa tana nan yadda ta ke cikin kwaɓin.

Inda malaman kwalejojin horon malamai suka fi cin karo da ita shi ne wajen jarrabawa, nan kuwa akwai tarko. A tsohon tsarin jarrabawar gama sakandare ta Afirka ta Yamma, a kan tara darajojin darussa shida da ɗalibi ya fi ƙoƙari a kansu, daraja ta 1 ita ce mafi kyau. Sabo da haka mai "aggregate" 6 shi ne gwani, mai 40 kuwa da ƙyar ya tsira. A lissafin shiga jami'a na yanzu a Nijeriya, inda a ke haɗa makin jarrabawar JAMB da na gwajin da jami'a ke yi da kanta, abin ya juya, mai yawa shi ne a gaba. Uba in aka ce masa jimlar ɗansa ta fi ta kowa yawa, ba zai san ko murna za shi yi ko jaje ba sai an gaya masa abin da aka tara. 'Yan ƙwallo su ma suna da tasu, "on aggregate", watau ƙwallayen wasan gida da na waje in an haɗa su. Ƙungiya tana iya shan kashi yau, ta kuma wuce a jimlace.

Saura zaɓe. Garuruwan nan uku kowanne ya ba Jihar Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 179, bai yarda da jimla ita kaɗai ba. Bayan ɗan takara ya fi kowa ƙuri'u, sai kuma ya sami rubu'in waɗanda aka jefa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, a Zamfara kuwa 14 ne. Watau doka da kanta ta kan warware garken ta duba shanun ɗaya ɗaya. A 2019 ɗan takarar APC ya tara ƙuri'u fiye da 500,000, na PDP bai kai 200,000 ba, amma ran 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba, ƙuri'unta duka sun tafi a banza. Aka cire su daga lissafi, aka sake tarawa, Matawalle ya hau.

Abu guda ya rage ga mai koyar da lafazi. Kalmar suna ce, sifa ce, fi'ili ce kuma, rubutunsu duka ɗaya. In suna ce ko sifa, gaɓar ƙarshe gajera ce, kamar a ce "agrigit". In fi'ili ce, mai ma'anar tarawa, sai a ja ta, a ce "agriget".