Sawun rulo a bangon ɗaki: dalilinsa da gyaransa a Gure

Sawun rulo shi ne layi-layin da ke fitowa a jikin bango bayan fenti ya bushe: nan ya yi duhu, can ya yi haske, wani wurin kuma ya bar siririn tudu inda bakin rulon ya bi. A Gure, garin da ke kan babbar hanyar Damagaram zuwa Diffa, matsalar ta fi yawa da hunturu da bazara, kuma sau da yawa ba laifin fentin ba ne. Saurin bushewa ne ke haddasa ta.

Fentin ruwa, wanda magina a Nijar ke kira FOM, yana bukatar ɗan lokaci ya kwanta ya baje kafin ya sha iska. Busasshiyar iskar hunturu ba ta ba shi wannan dama, haka ma zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40. Kafin mai fenti ya tsoma rulo ya dawo, layin farko ya fara kamewa, sabon ya hau kansa, wurin haɗuwarsu ya yi kauri biyu. Shi ma bangon yana da nasa laifin. Shafen siminti da ba a yi wa shimfiɗar farko ba yana zuƙe ruwan fenti kamar yashi, kuma ba daidai yake sha ko'ina ba. Sai kuma tsuke hannu: a cika ruwa don bokiti ɗaya ya isa ɗaki biyu, a danna rulo da ƙarfi don a tatse ragowar da ke jikinsa. Wannan araha ce mai jawo asara.

Wajen gyara, ana barin bangon ya bushe sarai, aƙalla kwana guda. Da dare a jingina tocila da bango a haska ta gefe, duk wani tudu zai fito da inuwarsa. A goge tudun da takardar yashi mai laushi, lamba 120 zuwa 180, a share ƙura da ɗanyen tsumma, domin ƙurar Gure ba ta jiran gayyata. Shafa fenti a kan layin kaɗai ba ya magani, sabon tabo yake bari. Bangon gaba ɗaya ake maimaitawa, daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa. Rulon ya ɗauki fenti sosai, kowane layi ya hau rabin na baya tun yana ɗanye, a ƙarasa da jan hannu mara nauyi daga sama zuwa ƙasa. Aikin sassafe ya fi, tagogi a rufe ta ɓangaren iska, fanka a kashe, sai an gama a buɗe ɗakin ya sha iska.

Akwai farin tabo da ake ɗauka sawun rulo ne alhali gishiri ne da danshi ke fitarwa daga cikin bango, abin lura a yankin da ƙasar kwaruruwansa ke da kanwa. Wannan sai an tsayar da danshin an kankare gishirin da busasshen burushi. Sabon shafen siminti kuwa yana bukatar kusan mako 4 kafin fenti ya hau shi.