Gasar iyo ta "Manya Goma": shekara fiye da 100 cikin ruwa

A ƙarshen watan Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ta rufe jihohin tsakiyar ƙasar Amurka, har wasu tabkuna suka daskare mutum yana tafiya bisansu da takalmi, a sa'an nan ne samari da ƴan matan wasu manyan jami'o'i suke tuɓe tufafin sanyi su faɗa ruwa. Ba cikin gulbi suke faɗawa ba. Cikin wani kwarmi ne da aka gina da siminti a cikin ɗaki, aka ɗumama ruwansa, tsawonsa yadi 25, wato metir 23 ba kaɗan. Kwana 4 suke yi suna tsere, daga Laraba zuwa Asabar. Wannan ita ce gasar iyo da tsallen ruwa ta ƙawancen jami'o'in da ake kira Big Ten, ma'ana "Manya Goma", wadda muke so mu ba masu karatu tarihinta yau.

Da farko ya kamata a san mene ne ƙawancen. A shekara ta 1895 shugabannin wasu jami'o'i suka taru a birnin Shikago domin su sa wa wasannin ɗalibai doka, saboda a zamanin nan akan ɗauko ƙato daga gari, wanda bai taɓa zama aji ba, a sa masa rigar makaranta ya yi wasa. A 1896 aka kafa ƙawancen da jami'o'i 7: Shikago, Ilinoyi, Mishigan, Minesota, Northwestern, Purdue da Wiskonsin. Indiyana da Ayowa suka shigo a 1899, jami'ar jihar Ohayo a 1912. Sunan "Goma" ya zauna ko da yake lissafi ya daɗe da ɓacewa, don tun 2024 jami'o'i 18 ne a ciki. Wanda ya san yadda jihohinmu suke aiko ƴan kokowarsu neman takobi, ya fahimci abin: kowa na kokowar kansa, amma sunan gida ake kira.

An fara gasar iyo ta maza a 1911, kuma Ilinoyi ce ta ci ta farko. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu komo gare shi. Bayanta Northwestern ta yi zamaninta ƙarƙashin malamin horo Tom Robinson. Amma ainihin labarin ya soma ne a 1925, shekarar da Mishigan ta ɗauki wani Baturen Ingila, haifaffen garin Lids, mai suna Matt Mann. Shekara 2 kawai ya yi yana shiri, ya ci gasar 1927, daga nan kuwa har ya bar aiki a 1954 sau 16 ya ɗauki kofin ƙawancen. Shi ne ya jagoranci mazan Amurka masu iyo zuwa wasannin Olimfik na Helsinki a 1952.

Ba a sarauta babu abokin gaba. A Ohayo akwai Mike Peppe, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1931 zuwa 1963, ya ci kofin sau 12, 8 daga ciki a jere, daga 1949 zuwa 1956. Peppe ya gane wani abu da sauran ba su ba muhimmanci ba. A wannan gasa ba lambar zinariya ake ƙirgawa ba, maki ake tarawa: na ɗaya yana da rabonsa, na biyu da nasa, haka har ƙasa, kuma makin masu tsalle daga katako su yi alkafura su tsunduma ruwa, ana zuba shi cikin ƙwarya ɗaya da na masu tsere. Saboda haka ya tara gwanayen tsalle, har ya zamana kafin a gama tsere Ohayo ta riga ta yi nisa da makin katako. Daga hannunsa Bruce Harlan ya fito, wanda ya ci zinariyar Olimfik a London a 1948, da Bob Clotworthy da ya ci a Melbon a 1956. Har ila yau ya jawo samarin tsibirin Hawai, irin su Bill Smith, Ford Konno da Yoshi Oyakawa, yaran da suka tashi a bakin teku mai ɗumi suka zo ƙasar sanyi neman ilimi, dukansu kuma suka ci zinariyar Olimfik.

In an duba gasa 34 da aka yi daga 1927 zuwa 1960, sau 3 kaɗai kofin ya kuɓuce wa waɗannan gidaje biyu: Northwestern a 1930, Ayowa a 1936, sai jami'ar jihar Mishigan, wadda dabam take da Mishigan ta Matt Mann, a 1957.

Nasarar Ayowa guda ce, amma abin da ta ba duniya ya fi kofi. A wajen 1934 da 1935 malaminta David Armbruster da wani ɗalibinsa, Jack Sieg, suna neman hanyar ƙara wa iyon kwaɗo sauri. Suka ga cewa maido hannuwa gaba ta ƙarƙashin ruwa yana tauye gudu, gara a fid da su sama a jefa gaba tare; Sieg kuma ya haɗa ƙafafunsa biyu yana kaɗa su sama da ƙasa kamar wutsiyar dabbar tekun nan dolfin. Alƙalan wasa suka ƙi karɓar bugun ƙafar shekara da shekaru, suna cewa ya saɓa wa doka. Sai a 1952 hukumar iyo ta duniya ta raba shi da iyon kwaɗo, ta mai da shi salo mai zaman kansa, shi ne iyon malam-buɗe-littafi, aka fara tserensa a Olimfik a 1956.

Yanzu mun iso ga mutumin da, a ganinmu, ya fi kowa cancantar a tsaya a kansa. James Counsilman, wanda aka fi sani da laƙabin "Doc" saboda digirinsa na dokta, an haife shi a 1920. Ya tuƙa jirgin sama mai jefa bom a yaƙin duniya na biyu, ya yi iyo a Ohayo ƙarƙashin Peppe, ya yi karatun doktansa a Ayowa, sa'an nan a 1957 ya karɓi ƙungiyar Indiyana, wadda ba ta taɓa cin kofin ba ko sau ɗaya. Ya ci a 1961. Ya ci a 1962. Bai saki kofin ba sai bayan 1980: shekara 20 cur a jere. Yaron da aka haifa ranar nasarar farko ya isa shiga jami'a kafin a ga wani gida ya ɗaga kofin.

Me ya bambanta shi da sauran? Malaman da suka riga shi sun koyar da abin da idonsu ya gani daga bakin ruwa. Shi kuwa ya sa na'urar ɗaukar hoto ƙarƙashin ruwa, ya ɗauki hannun gwanaye, ya zauna yana duba hoton ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar hannun gwani ba ya ja miƙe kamar yadda ake faɗa wa yara, lanƙwasa yake yi yana neman ruwan da bai motsa ba. Ya kafa babban agogo a bakin kwarmi domin ɗalibi ya riƙa auna kansa: ya yi gudu, ya huta sakan kaza, ya koma, maimakon ya wuni yana kai da kawowa ba lissafi. A 1968 ya fid da littafi kan ilimin iyo, aka juya shi cikin harsuna da yawa. Masana na baya sun yi gardama kan wasu bayanansa game da yadda ruwa ke tura hannu, sun kuma gyara wasu. Amma hanyar da ya buɗe, ta auna abu kafin a koyar da shi, ita kowa ke bi. Duk wanda ya taɓa riƙe alli gaban allo ya san nisan da ke tsakanin "haka muka tarar" da "zo mu gwada mu gani".

Akwai wani abin takaici a farkon zamaninsa. Daga 1960 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta hukunta Indiyana shekara 4 saboda laifin da aka yi wajen ɗaukar ƴan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, hukuncin kuwa ya haɗa da masu iyo da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Aka hana su shiga gasar ƙasa alhali suna cikin ganiyarsu. Gasar ƙawancen ce ta rage musu wurin nuna kansu. Da aka buɗe musu ƙofa, suka ci gasar ƙasa sau 6 a jere, daga 1968 zuwa 1973.

Cikin waɗannan shekaru ne Mark Spitz ya zo. Ya komo daga Olimfik na Meziko a 1968 da zinariya 2 kawai, dukansu na tseren karɓa-karɓa, bayan ya cika baki zai kwashe 6. Ya shiga Indiyana a farkon 1969 da karyayyar zuciya. Bayan kusan shekara 4 a hannun Counsilman, ya ci zinariya 7 a Munik a 1972, kowace da sabon matsayin duniya. A 1976 a Montireyal, Counsilman ne shugaban horon mazan Amurka, suka ci zinariya 12 cikin 13, ɗalibinsa Jim Montgomery kuma ya zama mutum na farko da ya yi metir 100 ƙasa da sakan 50. Kada a manta da abokin aikinsa Hobie Billingsley mai horon masu tsalle, wanda ɗalibansa biyu, Ken Sitzberger da Lesley Bush, suka ci zinariya a Tokiyo a 1964. Shi kansa tsohon bai zauna ba: a 1979, yana da shekara 58, ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo. Ya rasu a 2004.

Ayowa ce ta tsinke igiyar a 1981, ta sake ci a 1982. Daga baya Mishigan ta farfaɗo a hannun Jon Urbanchek, haifaffen Hungari, ta ci sau 10 a jere daga 1986 zuwa 1995, kafin Minesota ta tare ta. Jimillar kofunan mazan Mishigan ta haura 40, babu gidan da ya kai ta. Abin dariya, Michael Phelps, wanda ya fi kowa zinariya a tarihin Olimfik, ya yi shekara 4 yana horo a kwarmin Mishigan, daga 2004 zuwa 2008, amma bai kawo mata maki ko ɗaya ba: ya riga ya karɓi kuɗin talla, dokar lokacin kuwa ta hana irinsa shiga gasar ɗalibai.

Duk abin da muka faɗa har nan, na maza ne. Shekara 71 ana gasar babu ta mata. Labarin Micki King ya isa misali. Ta yi karatu a Mishigan cikin shekarun 1960, lokacin da jami'ar ba ta da ƙungiyar mata ta hukuma. Malamin tsalle Dick Kimball ne ya karɓe ta tana horo. A Meziko a 1968 tana kan gaba sai hannunta ya bugi katako ya karye, ta ƙarasa tsallenta na ƙarshe da karyayyen hannu, ta zo ta 4. A Munik a 1972 ta ci zinariya. A wannan shekara ce majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Sai da aka ƙara shekara 10 kafin ƙawancen ya shirya gasar mata ta farko, a 1982. Ohayo ta ci 5 na farko, Mishigan ta biyo da 12 a jere daga 1987 zuwa 1998. Daga wannan gasa ce Lilly King ta Indiyana ta fito, wadda ta ci zinariyar iyon kwaɗo na metir 100 a Riyo a 2016.

To, mu koma ga Ilinoyi. Jami'ar da ta ɗauki kofin farko a 1911 ta rufe ƙungiyar mazanta a 1993, tana kuka da kuɗi. Ɗaliban suka kai ƙara, suka faɗi. Dalilin a fili yake: iyo ba ya cika filin kallo, ba ya kawo kuɗin talabijin, ga ɗumama ruwa da gyaran kwarmi suna cin dukiya, in shugabanni suka tashi rage kashe kuɗi, ko daidaita yawan maza da mata kamar yadda doka ta nema, ya fi musu sauƙi su yanke ƙaramin wasa da su taɓa ƙwallon ƙafa. Nebaraska, Rutgers, Meriland, Washinton da jami'ar Kaliforniya ta Los Anjeles duk sun shigo ƙawancen ne bayan sun riga sun sallami mazansu masu iyo.

A 2020, shekarar annobar korona, abin ya kai ga tsofaffin gidaje. A watan Agusta Ayowa ta ba da sanarwar rufe iyon maza da na mata, ita da aka ƙago iyon malam-buɗe-littafi a cikin ruwanta, ita da ta buɗe sabon kwarmi a 2010 har ta karɓi baƙuncin gasar ƙasa ta maza a 2015. A watan Oktoba jami'ar jihar Mishigan, zakarar 1957, ta bi sahu. Matan Ayowa suka kai ƙara bisa dokar 1972, alƙali ya tsayar da rufewar, jami'ar ta maido ƙungiyarsu a 2021. Mazan ba su da wannan makami, tasu ta tafi. Matan jihar Mishigan su ma sun je kotu, aka yi sulhu a 2023 ba tare da an buɗe ƙungiyar ba. Tsakanin waɗannan shari'o'i, a 2022, ƙawancen ya sa hannu kan yarjejeniyar talabijin ta shekara 7 da ta haura dala miliyar 7.

A gasar maza ta 2025 jami'o'i 9 ne cikin 18 suka kawo ƙungiya. Indiyana ce ta ci, karo na 4 a jere.