Fatalwar da ke laɓe bayan tauraro

 Yau dai mu bar maganar tukunya, mu ɗaga kai sama.

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, in kin fito tsakar gida bayan isha'i kika dubi sama ta wajen arewa, akwai wani tauraro mai ɗan ja-ja da ake kira Mirak. Sunan daga Larabci ya samo asali, daga kalmar da ke nufin gyauton da ake ɗaurawa a ƙugu. To, dab da shi akwai wani ɗan dusu-dusun haske da ido ba ya gani, sai da madubin hangen nesa. Masana suka raɗa masa suna Fatalwar Mirak, a littafinsu kuwa NGC 404.

Ba fatalwa ba ce, 'yar uwa, kada ki ce na tsorata miki yara. Gungun taurari ne guda, irin wanda ranarmu take ciki, sai dai shi ƙarami ne. Siffarsa kamar waina, tsakiya da tudu, gefe a baje, ba shi da hannuwan nan masu murɗewa irin na namu gungun. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1784, lokacin da ƙanwarsa Caroline ke kwana a zaune tana rubuta abin da yake hangowa. Ita kam ba a cika ambatonta ba.

Me ya sa yake wuyar gani? Kin san yadda fitilar mota ke kashe ido da dare, har ki kasa ganin mai aci-balbal a bayanta? Haka Mirak ke yi masa. Kuma maƙwabtakar tasu a ido ce kawai. Hasken Mirak yakan yi shekara kusan 200 kafin ya iso mana, shi kuwa na gungun sai ya yi wajen shekara miliyan 10 yana tafe. Ikon Allah!

An daɗe ana ɗauka tsofaffin taurari ne kawai a cikinsa, haihuwa ta tsaya. Sai a 2008 na'urar GALEX ta hukumar NASA ta nuna wani zobe na sababbin taurari kewaye da shi. Masana na ganin wani ƙaramin gungu ne ya yi karo da shi, shekaru wajen miliyan 900 da suka wuce, ya kawo masa iskar da taurari ke samuwa daga gare ta.

In za ki nuna wa yara Mirak, ki yi kafin hazo ya sauko. Sai mun haɗu mako mai zuwa.