Zaɓen Rigar Kariya ga Ma'aikatan Asibiti

Rigar kariya ita ce shamaki tsakanin jikin ma'aikacin lafiya da jini, amai ko gudawar majinyaci, kuma kowane aiki da irin tasa. Ƙa'idar AAMI ta Amurka ta kasa rigunan mataki 4, gwargwadon yadda suke hana ruwa ratsawa. Mataki na 1 ya wadatar wajen jinya ta yau da kullum, na 2 wajen ɗibar jini ko ɗinkin rauni. Na 3 na sashen gaggawa ne. Na 4 kuwa na doguwar tiyata ne, kuma shi kaɗai ake gwadawa a tabbatar ƙwayar bairas ba ta ratsa shi.

Sakaci a nan yana cin rai, musamman wajen jinyar zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 bayan ya kashe ma'aikatan jinya biyu a Najeriya. Dole hannun rigar ya kai wuyan hannu, safar hannu ta hau kan bakinsa. Rigar da ta matse takan yage da an sunkuya.

Wajen cirewa aka fi samun kuskure. Ana naɗe ta ne cikinta ya koma waje, sannan a wanke hannu nan take.