Babur na daji: tseren Paris-Dakar da abin da mai babur zai koya

Akwai mutane da ke hawan babur cikin daji don sha'awa kawai. Suna barin gudro, su bi rairai da duwatsu da kwari. Babur ɗinsu dabam ne. Yana da tsawo daga ƙasa, ba shi da nauyi ƙwarai, tayoyinsa kuma suna da manyan haƙora masu kama ƙasa. Malaman gona da na dabbobi sun daɗe suna zagaya karkara da irinsa.

Yadda tseren ya hwara

A shekara ta 1977, wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace cikin hamada da babur ɗinsa, wajen tsere daga Abijan zuwa Nis. Da anka gano shi, sai ya shirya wani sabon tsere. Ran 26 ga Disamba 1978, babur da mota 182 sunka tashi daga Paris. Sun ratsa Aljeriya, sun biyo ta Agadas da Yamai, sun shiga Mali. Tahiyar ta kai kilomita 10.000. Ran 14 ga Janairu 1979, guda 74 kaɗai sunka isa Dakar. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya, bisa babur Yamaha XT 500.

Wasan yana da hatsari. Masu tsere sun mutu, mutanen ƙauyuka ma sun mutu, har da yara da sunka hito kallo. Shi kansa Sabine ya rasu a Mali a 1986, cikin hatsarin jirgi mai saukar ungulu. A 2008 an soke tseren saboda rashin tsaro. Daga 2009 anka mai da shi Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya.

Tsere ya tahi, amma rairai yana nan. Dabarun masu tsere suna da amfani ga duk mai zuwa kasuwa ko likita da babur.

Tuƙi cikin rairai

1. A rage iskar taya kaɗan. Taya mai taushi tana shimfiɗa bisa rairai, ba ta nutsewa. In an hau gudro, a ƙara iska.
2. A ja jiki baya, don ƙafar gaba ta yi sauƙi. Inda hanya ta yi muni, a miƙe tsaye bisa matakai, a ɗan lanƙwasa gwiwa.
3. A riƙe wuta daidai. Wanda ya saki wuta gaba ɗaya, ƙafar gaba za ta nutse, ya hwaɗi.
4. Kada a danne birkin gaba da ƙarhi.
5. A dubi hanya can nesa, ba gindin taya ba.

Ƙura ce babbar maƙiyiyar inji

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Iskar tana bi ta cikin wani soso da ke tace ƙura. In soson ya toshe, babur ya rasa ƙarhi, ya riƙa shan isansi da yawa. In ya yage, ƙura ta shiga ciki, ta haɗu da mai, ta riƙa cin ƙarhe kamar dutsen niƙa. Ƙarshenta sai an buɗe inji, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne.

Saboda haka a riƙa cire soson, a wanke shi da kananzir, a bari ya bushe. Sannan a shafa masa mai kaɗan, a matse, a mai da shi. Man ne ke kama ƙura. Lokacin hunturu a yawaita wankewa.

Sarƙa ma tana son kula. Mai da yawa yana tara rairai, rairai kuma yana cinye haƙora. A wanke ta, a ɗiga mata mai kaɗan, a goge sauran. Kada a ɗaure ta tamau, kada kuma ta yi sako-sako har ta zame.

Kowace sahiya a duba man inji, da birki, da wayoyin ƙafa. A cire ƙaya daga taya tun ba ta huda robar ciki ba.

Kahin a kama hanya

Mai shiga daji ya ɗauki ruwan sha, da famfo, da kayan faci, da buji sabo. Ya gaya wa iyalinsa inda za shi da lokacin da zai komo. Ya sa hular kwano, ya ɗaure igiyarta, ko da tahiyar kusa ce. In ya iso gari ko bakin rijiya, ya rage gudu, don yara da bisashe ba su san birki ba.